A Fara Da Kwata Kafin A Gyara Hanyar Kurmi

Malam Edita,

Masu son raya hanyar Ƙofar Mata zuwa Kasuwar Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, su fara da magudanar ruwa. Ruwan kwata ne ke cin gindin katanga. A yashe kafin damina.

Don Allah a daina shafa siminti a kan ginin ƙasa. Yana kulle danshi a ciki, tubali ya jiƙe ya yi laushi, wata rana bango ya rufta. A riƙa yaɓe da ƙasa da makuba, a duba azara saboda gara, a ƙara wa indararo tsawo ya zubar da ruwa nesa da bango. Shaguna kuma a gyara su layi-layi, kada ciniki ya tsaya.

Wasu magina,
Kano