Barcin da maganin taɓin hankali ke sa wa ba lalaci ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na kiwon lafiya kan ciwon taɓin hankali, inda likitan da kuka gayyato ya yi ta nanata cewa kada majinyaci ya daina shan magani. Gaskiya ya faɗa. Sai dai bai taɓo abin da ke sa mutane da yawa su ajiye maganin a ɓoye ba, wato yadda yake dagula musu barci.

Shekara 4 ke nan ina jinyar ƙanena. Da aka ɗora shi kan wani magani mai suna olanzapine, muryoyin da yake ji suka lafa, muka yi hamdala. Amma sai ya koma barcin awa 12, in an tashe shi ya zauna ido a lumshe, harshe ya yi nauyi, jiki duk a mace. A gida wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce ai sauƙi ya samu tunda ya daina hayaniya. Ni kaina na sha yi masa faɗa, abin da har yau yake ci mini rai. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni sannan na gane. Aikin magungunan taɓin hankali irin nasa shi ne rage ƙarfin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, amma wasunsu suna haɗawa da toshe histamin, wanda yana cikin sinadaran da ke riƙe mutum a farke. Clozapine da olanzapine da quetiapine sun yi suna wajen haka. Shi kansa chlorpromazine, wanda aka fara ba masu wannan ciwo a Faransa a 1952, daga dangin magungunan ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi ya fito. Ashe yaron nan ba ƙin tashi yake yi ba, kasawa yake.

Wani majinyacin kuma akasin haka yake gani. Maganin aripiprazole kan hana wasu barci. Haloperidol da ire-irensa kan jawo abin da likitoci ke kira akatisiya: mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ya tashi, ya zauna, ya yi ta safa da marwa tsakar dare, ransa a ƙuntace. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin 'yan uwa suna ganin haka sai su ce ciwon ne ya dawo, su roƙi a ƙara magani, alhali maganin ne ya kawo shi. Akwai kuma wanda da ya kwanta sai ƙafafunsa su hau tsikari, ba ya samun sa'ida sai ya motsa su. An ma samu masu tashi cikin barci su yi yawo ko su ci abinci, gari ya waye ba su san sun yi ba.

Sai abin da kunya ke hana faɗa. Mai shan clozapine yakan tashi ya tarar yawu ya jiƙa matashi sharkaf, wani har fitsarin kwance. Babban mutum ba zai buɗe baki ya faɗi wannan ba in ba a tambaye shi ba, kuma a keɓe. Ƙibar da wasu magungunan ke sa wa ita ma tana iya jawo minshari mai tsanani da ɗaukewar numfashi cikin barci, mutum ya kwana a gado ya tashi kamar bai runtsa ba.

Ƙanena ya taɓa dainawa farat ɗaya ba da saninmu ba, saboda yana son ya koma aikinsa. Kwana uku ya yi idonsa biyu, kafin wata ya cika ciwon ya dawo. Da muka koma, likita ya mayar da shan maganin duka da dare, ya rage shi kaɗan-kaɗan yana lura, ya kuma hana shi tuƙi sai da nauyin ya sake shi. Ya gargaɗe mu kada mu haɗa masa da wani maganin barci da kanmu. Yanzu yana tashi da hantsi ya fita nemansa. Da an gaya mana tun ranar farko cewa ana iya wannan gyara, da bai sha waccan wahalar ba.

Roƙona, Edita, ku sake gayyato likitan. Ku tambaye shi yadda iyali za su bambance rashin barcin da ke nuna ciwo na shirin dawowa da wanda magani ya kawo, da tsawon lokacin da ya kamata a jira kafin a ce nauyin barcin ya wuce kima. Ku kuma buɗe layi majinyatan su kira su faɗi yadda suke kwana, ba sai sun ambaci sunansu ba.

Naku,
Wani mai sauraronku da ke jinyar ƙanensa