A riƙa bin diddigin waɗanda aka ce sun yi turjiya a hannun 'yan sanda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan shafi domin in yi tsokaci a kan yadda jaridunmu da gidajen rediyonmu suke kawo labarin kame. Sau da yawa idan mutum ya mutu ko ya ji mummunan rauni a hannun 'yan sanda, sai kakakin rundunar ya fito ya ce wanda ake zargin ya yi turjiya ko ya yi yunƙurin tserewa, wakilinku ya rubuta hakan, shi ke nan labari ya ƙare. Ba a komawa a tambayi wace irin turjiya ya yi, da makami a hannunsa ko babu, ta ƙirji harsashi ya shige shi ko ta baya, kuma wa ya ga abin da ya faru ban da waɗanda suka yi harbin.

Ba ina cewa ɗan sanda ba shi da ikon amfani da ƙarfi ba ne. Wanda ya san yadda 'yan daba da masu ƙwacen waya suke yawo da wuƙaƙe, ko yadda 'yan bindiga suke yi wa jami'ai kwanton ɓauna a hanyoyin Zamfara da Katsina, ba zai ce a tura ɗan sanda aiki hannu rabbana ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, ya yarda a yi amfani da ƙarfi wajen kama mutum bisa doka ko hana wanda ake tsare da shi gudu, amma ya gindaya sharaɗin cewa ƙarfin kada ya wuce gwargwadon abin da ya zama dole. Ita ma rundunar da kanta ta gyara umarninta mai lamba 237 a 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, saboda an daɗe ana kukan cewa tsohon umarnin ya buɗe ƙofar harbin wanda yake gudu ko da ba ya barazana ga ran kowa. Ke nan cewa mutum ya yi turjiya da'awa ce da take buƙatar hujja, kuma wanda ya ɗana kunamar bindiga shi ya kamata ya kawo hujjar.

Tarihinmu ya isa ya sa mu daina karɓar irin wannan bayani ido rufe. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe wasu matasa shida a Abuja, maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo da mace ɗaya, suka ce 'yan fashi ne da aka yi musayar wuta da su. Sai da 'yan'uwansu suka tayar da ƙura, gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike, sannan aka gano cewa labarin fashin ƙage ne. Duk da haka hukunci bai zo ba sai a watan Maris na 2017, lokacin da babbar kotun Abuja ta yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa ta sallami uku. Da iyalan sun yi shiru, da har yau sunan 'yan fashi ne a kan mamatan.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Maiduguri a ƙarshen watan Yulin 2009. Sojoji sun kama Mohammed Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, ba a daɗe ba aka nuna gawarsa, aka ce ya yi ƙoƙarin tserewa. Ba na kare abin da ya jawo wa jama'a, amma gaban alƙali ya kamata ya tsaya, inda za a ji su wa suka ɗaure masa gindi da inda ya samo kuɗi da makamai. Kisan nan ya binne waɗannan amsoshi, ya kuma ba mabiyansa abin da suka yi shekaru suna tunzura matasa da shi.

Lokacin zanga-zangar neman rusa rundunar SARS, sashen 'yan sanda mai yaƙi da fashi da makami, a watan Oktoban 2020, da yawa daga cikinmu a Arewa mun ɗauki abin a matsayin rigimar 'yan Kudu, har wasu suka fito suna neman a bar rundunar saboda matsalar tsaro. Sai ga shi ƙungiyar Amnesty International ta ce a watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24, kuma jihohin da ta lissafa, wato Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna da Neja da Borno, duk namu ne. Rundunar 'yan sanda ta musanta rahoton. A watan Nuwamba kuma kowa ya ga yaran da aka gurfanar a babbar kotun tarayya ta Abuja bayan kusan wata uku a tsare, wasu suna faɗuwa saboda galabaita, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mayar da tambaya turjiya. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauyansa, ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Jihar Kano ta yi irinta a 2019, ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kame a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana sa wa mutum ankwa sai in ana fargabar zai yi faɗa ko ya gudu, ko kotu ce ta umarta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita yawancin waɗannan, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Amma magidancin da aka zo tafiya da shi saboda ba a sami ɗansa ba, in ya buɗe baki ya ce mene ne laifina, sau da yawa mari ne amsarsa, sannan a rubuta cewa ya yi wa hukuma taurin kai.

Akwai kuma batun jami'an da suke zuwa kame cikin farin kaya, da dare, a motar da ba ta da tambari. A zamanin da masu garkuwa da mutane suke shiga gidaje, wani lokaci ma sanye da kaki, mutumin da ya ga baƙi da bindigogi a ƙofarsa ya haura katanga bai yi abin mamaki ba. Wanda bai nuna shaidar aikinsa ba, bai kuma faɗi abin da ya kawo shi ba, ba shi da bakin cewa an ƙi bin doka.

Ga 'yan'uwana matasa kuwa, shawarata ita ce kada a yi kokawa da mai bindiga a kan titi, kada kuma 'yan unguwa su taru su ce za su ƙwace wanda aka kama, domin wannan laifi ne a doka, kuma shi ne uzurin da baragurbin jami'ai suke nema. A riƙe sunan jami'i da caji ofis ɗin da aka nufa, a sanar da dangi, a nemi lauya ko Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, sannan a kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Tsarin mulki ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa doka ba, ko da yake talaka ya san wahalar da ke cikin neman wannan haƙƙi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da aka ce wani ya mutu yana turjiya, wakilinka ya nemi iyalinsa da shaidu da rahoton likita, ya kuma koma kan labarin bayan wata guda ya gaya mana inda bincike ya kwana. Haka nan dokar 2015 ta wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata ya duba waɗanda suke bayan kanta. Zai yi kyau ku tambayi manyan alƙalan jihohinmu caji ofis nawa aka ziyarta a bana, da mutum nawa aka sallama ko aka ba beli a dalilin ziyarar, ku buga mana amsar da suka bayar.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Kano