Rahoton ayyukan shekarar 2024 na ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙan su, ya kyautata namu zuwan. Wannan rahoton ayyuka ne kawai. Lissafin shiga da fita yana hannun ma'aji, zai raba shi a takarda daban ranar babban taro.

A taronmu na bara kun ɗora wa kwamiti tambaya guda: wane hakki al'umma take da shi a kan ɗan kasuwa, bayan zakka da sadaka da kowa ya sani? Duk abin da muka yi bana amsar wannan tambaya muke nema.

Abin da jama'a suka fi gani shi ne gudummawar ambaliya. Daminar bana ta yi ɓarna a yankunan Mayo-Danay da Logon-da-Shari da ke arewacin Kamaru, gidajen ƙasa sun rushe, gonakin dawa da shinkafa sun nutse, a Yagwa har gada ta karye a watan Satumba ta raba garin biyu. Mun tara masara, gero, tabarmi, gidan sauro da sabulu, masu manyan motoci a cikinmu suka kai kayan ba su karɓi ko sisi ba. An raba ta hannun hukuma da lawanai da jaurawan wuraren. Kwamiti ya hana ɗaukar hoton wanda ake miƙa wa buhu. Magidancin da ruwa ya ci gidansa bai kamata ya sayar da mutuncinsa ba don ya karɓi mudun hatsi.

Amma aikin da ya fi cin lokacinmu, ya kuma fi jawo ce-ce-ku-ce, yana cikin shagunanmu ne. Ba ya yiwuwa mutum ya aika buhu goma Yagwa alhali yaron shagonsa ya shekara biyar bai san matsayinsa ba. Al'adarmu ta gado tana da kyau: yaro ya zauna da ubangidansa ya koyi ciniki, in lokaci ya yi a sallame shi da jari. Da yawa daga cikin manyan alhazan wannan ƙungiya ta wannan hanya suka tashi. Matsalar ita ce magana ce ta baki. In ubangida ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. In kasuwa ta ja baya, a ce wa yaro ya ƙara haƙuri, har gemu ya fito masa yana haƙuri. Yawancin ƙararrakin da kwamitin sulhu ya saurara bana irin wannan ne.

Saboda haka muka tsara takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Faransanci da Hausa, wadda ta faɗi shekarun zama, abin da za a riƙa ba yaro duk wata, wanda zai biya magani in ya kwanta ciwo, da abin sallama. Shaidu biyu su sa hannu, ofishin ƙungiya ya ajiye kwafi. Wasu iyayenmu sun ce takarda tana kawo rashin yarda tsakanin uba da ɗa. Muna girmama ra'ayinsu, sai dai limaminmu ya tunatar da taro cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma alkawarin sallama bashi ne. Bayan wannan zama waɗanda suka sa hannu sun ƙaru, ko da yake har yanzu waɗanda ba su sa ba sun fi yawa.

Mun kuma karanta wa mambobi abin da doka ta ce. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kamaru ga ma'aikacin da ba na gwamnati ba sefa 60,000 ne a wata, a aikin noma 45,000. Kowa ya auna abin da yake ba direbansa da mai gadinsa da wannan ma'auni. Haka nan tun 2014 asusun CNPS, wato asusun gwamnati na inshorar ma'aikata da fansho, ya buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu su riƙa zuba kuɗi don fanshon tsufa. Mun yi zaman bayani a kan haka har da 'yan dako da 'yan acaɓa. Kaɗan ne suka yi rajista, domin mutanenmu suna tsoron duk takardar hukuma haraji ce ke bin bayanta. Za mu sake wannan zama da Fillanci, tun da yawancin 'yan dakon kasuwa shi suka fi ji.

Reshen mata ya ɗauki nauyin takardun haihuwa. A arewacin ƙasar nan yara da yawa sukan kai ajin ƙarshe na firamare sannan a gane ba su da takarda, ba kuma za su zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare ba sai da ita. In lokacin rajistar haihuwa ya wuce, sai an bi ta kotu. Hajiyoyinmu sun bi makarantun unguwanni, sun tattara sunaye, sun biya kuɗin daga adashinsu. A ganina babu kuɗin da muka kashe bana da ya fi wannan albarka.

A tsakiyar shekara mun yi zaman tattaunawa kan rawar 'yan kasuwa a ci gaban ƙasa. Tsarin gwamnati na 2020 zuwa 2030, wanda ake kira SND30, ya dogara ne a kan mu sarrafa abin da muke nomawa, mu rage shigo da abin da za mu iya yi a gida. Misalin yana ƙofar gidanmu. Kamfanin auduga na Sodecoton, da aka kafa a 1974 mai hedkwata a nan Garwa, yana ba manoma taki da iri bashi, yana gyara hanyoyin karkara, yana matse man Diamaor daga angurya. Yana gyara hanyar ne don motocinsa su kwaso auduga, amma mai albasa da mai naƙuda duk ita suke bi. Taimakon da ya haɗu da bukatar mai yinsa shi ne yake ɗorewa, don ba ya jiran ranar da zuciya ta yi taushi. Haka batun wuta: madatsar Lagdo mai megawat 72 ta daɗe ita ce ginshiƙin arewa, in ruwanta ya ja baya injinan niƙa da masu ƙanƙara su tsaya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider da aka buɗe a 2023 sun rage wahalar, kuma jarin kamfani ne ya shiga ciki.

Namu daidai ƙarfinmu shi ne magudanar ruwan kasuwa. Mun yashe su kafin damina, abin da ya fi toshe su kuwa leda ce, wadda doka ta hana siririyarta tun 2014, kuma daga hannunmu take fita. Mun roƙi mambobi su daina ajiye jarkokin fetur ɗin sumoga da ake kira zuwa-zuwa a cikin rumfuna, gobara ba ta tambayar shagon wa ta fara. Mun kuma tsaya a kan cewa duk wanda ya biya fatanti, wato harajin kasuwanci, ko kuɗin rumfa ya karɓi rasit. Wanda ya ba da na goro don a rage masa, ba shi da bakin tambayar inda kuɗin hanya ya tafi.

Akwai inda ba mu ji daɗi ba. Kafin azumi kwamiti ya roƙi masu hatsi da sukari kada su ɓoye kaya. Wasu sun amsa, wasu sun kulle sito sai da farashi ya hau. Ba mu da hurumin hukunta kowa a dokokinmu na yanzu, shi ya sa za mu kawo shawarar gyara a gaban babban taro.

Sauran abubuwan da ke jiran amincewarku su ne gina rumbun ajiyar albasa na haɗin gwiwa, domin rage asarar da 'yan'uwanmu masu kai kaya Yawunde da Duwala suke yi, da sanya yarjejeniyar yaran shago cikin sharuɗɗan shiga ƙungiya ga sababbin mambobi. Wa'adin wannan kwamiti ya ƙare, za a yi zaɓe a zaman. Wanda ake bi kuɗin wata-wata ya ga ma'aji kafin ranar, don sai wanda ya biya zai kaɗa ƙuri'a.

Wassalamu alaikum.

Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa