Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Ɗaliban Wasan Kwaikwayo 'Yan Jihar Bauchi

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa da ke karatu a Jos da Zariya da Kano da Maiduguri, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga bayanin abin da aka yi daga Janairu zuwa Disamba. Lissafin kuɗi ba ya ciki, wannan aikin ma'aji ne, zai karanta nasa a zauren taro, mai tambaya ya tanade ta.

Saboda waɗanda suka shigo bana, bari in tuna mana abin da ya haɗa mu. Yawancinmu a wajen jiha muke karatu, da Turanci ake koya mana, da Turanci muke hawa dandamali. In aka dawo hutu kuma, tambaya ɗaya ce ke jiran kowa a zauren gidansu: "Wai shekara huɗu cur wasa za ka karanta?" Duk abin da muka yi bana ƙoƙarin amsa wannan tambaya ne, da Hausa, a gaban masu yin ta.

Aikin farko shi ne zagayen makarantun sakandare a lokacin da ake shirin cike JAMB. Mun shiga wasu a cikin garin Bauchi, mun leƙa Dass da Toro. Bayani ɗaya muka yi ta maimaitawa: mai son wannan fanni sai ya sami kiredit biyar, cikinsu har da Turanci da Adabin Turanci, kuma sai ya saka Adabin a cikin darussan da zai rubuta a JAMB. Digirin shekara huɗu ne, wanda ya shigo da difloma ko NCE ta hanyar shiga kai tsaye ya yi uku. A nan muka gane kuskurenmu. 'Yan ajin ƙarshe muka je wa, alhali da yawansu sun ajiye Adabi tun shigarsu babbar sakandare, wasu ma makarantarsu ba ta da malamin darasin. Yaro ya ɗaga hannu da zumuɗi, ka tambaye shi ko yana Adabi, ya ce a'a, shi ke nan magana ta ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Baɗi 'yan aji uku na ƙaramar sakandare za mu nufa, tun kafin su zaɓi darussa. Makaranta ɗaya ce aka tare mu a bakin ƙofa aka ce nan ba a tara 'yan fim ba. Mun gode, mun juyo.

Da azumi ya kama a ranar 1 ga Maris, waɗanda ke gida suka ɗauki aikin tattara wasannin tashe daga goma ga wata. An bi yara da waya ana ɗaukar murya, bayan an nemi izinin iyayensu. Abin da aka samo bai kai yadda muka zata ba. Yara sun san amshi, amma baitocin sun zube, kuma da yawa kuɗin kawai suke nema su wuce gida na gaba. Tsofaffin mata ne suka cike mana giɓin, musamman a wasannin 'yan mata. Duk wanda ke neman abin rubuta kundin kammala digiri, ga shi nan a ajiye wurin mai kula da kayan ƙungiya: gemun auduga, rawanin tsumma, jagora da 'yan amshi, ba'a ga malami da gwauro da mai rowa. Duk abin da ake kira wasa mai waƙa da rawa a lakca yana cikin tashe, sai dai ba tikiti.

Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, 27 ga Maris, ta faɗo daidai da 27 ga Ramadan, don haka ba wanda ya kawo maganar taro. Bayan Sallah muka rama da ziyarar kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da gangan muka zaɓi wurin. Littafinsa Shaihu Umar shi ne Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya rubuta wasanni, a makarantar Midil ta Bauchi ya koyar a shekarun 1940. Ku riƙe waɗannan sunaye biyu, Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, suna da amfani ranar da kawu ya ce wannan karatu na marasa aikin yi ne.

Babban aikin shekara

Da damina ta kankama, waɗanda hutunsu ya zo ɗaya suka haɗu aka shirya wasa mai waƙa da Hausa zalla, karo na farko a tarihin ƙungiya. Ambaliya muka ɗauka, don 'yan uwanmu na Maiduguri sun ga abin da ya faru da idonsu lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, kuma mu ma nan ba damina da za ta wuce ba ta rusa katangar wani ba. 'Yan Zariya suka ce a bi hanyar da sashensu na wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ya shahara da ita tun shekarun 1970, wato kada a zauna a ɗaki a ƙago labari. A shiga unguwa, a saurari mutane, a gina wasan da bakinsu, a yi shi a gabansu, sannan a zauna a ji ta bakinsu. Haka aka yi. Kwana huɗu muna yawo a wata unguwa ta cikin gari, daga majalisar dattawa zuwa wurin mai masa.

Labari bai ba mu wuya ba. Waƙa ce ta kusa raba kanmu. Mun yi yadda muka saba gani: aka fara tsara kari a kan fiyano, sannan aka zo ana cusa kalmomi a ciki. Ga kunnenmu abin ya yi daɗi. Sai muka gayyato wani dattijo makaɗin kalangu, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa mahauta kiɗa, don ya raka mu. Ya zauna a kan benci da kalangu a hammata, bai taɓa shi ba. Jagorar waƙa ta ɗauko amshin farko, inda ake cewa ruwa ya ci gari, ta ja gaɓar farko ta "gari" yadda karin ya nema. Dattijon ya ɗaga makaɗi sama.

"Ku dakata, 'ya'yana. Garin tuwo ruwan ya ci, ko garin mutane?"

Aka yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Darakta ya ce, "Baba, ai karin ne ya zo da haka." Ya ce, "To karin ya koma ya sake zuwa. Magana ce gaba, kiɗa bawanta ne." Kafin la'asar ya kama mu a wuri na biyu, inda itacen kuka ya koma kukan hawaye saboda mun ɗaga murya inda ya kamata ta sauka.

Dukanmu mun san Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da saukar murya. Wasunmu har jarrabawa sun ci a kai. Amma ba wanda ya taɓa haɗa wannan da tsara waƙar dandamali, domin a Turanci kana iya jan gaɓa yadda ka so ma'ana ba ta gudu ba. Waƙa biyar muka rushe muka sake. Aka koma karanta baiti da baki tukuna, dattijon ya maimaita shi da kalangu, sannan mai fiyano ya bi sawu. A ganina wannan mako biyun ya fi wani zangon karatun amfani, kuma ina ba kwamiti mai zuwa shawara kada a sake shirya wasa mai waƙa ba tare da makaɗin gargajiya a wurin tun ranar farko ba, kuma a biya shi hakkinsa kamar malami.

'Yan uwanmu na Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Dass waɗanda suka taso cikin mawaƙan coci su suka karɓi horar da 'yan amshi. Su suka raba muryoyi, mai kauri daban, mai zaƙi daban, suka koya wa sauran yadda ake jan numfashi daga ciki ba daga maƙogwaro ba. An ɗan yi gardama a kan harshe. Rubutun an yi shi da daidaitacciyar Hausa, amma aka bar tsohuwar cikin wasan ta yi Bausancinta, wato Hausar Bauchi, ba ruwanta da bambance namiji da mace a magana. Ita ta fi kowa samun tafi.

Sai batun da ya kamata kowa ya ji, da izinin mai shi. 'Yar uwarmu da ta fi kowa murya, mahaifinta ya ce 'yarsa ba za ta tsaya gaban maza tana waƙa ba. Muka je da ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya muka same shi a rumfarsa a kasuwar Wunti. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce ya ji, amma yana nan a kan bakansa. Sai muka ba ta aikin kula da dandamali. Bayan kwana shida, ba sanarwa, sai ga shi a wurin gwaji. Ya tarar da samari biyu suna yanka katako da zarto, wani a kan tsani yana ɗaura waya, mata uku a bakin keken ɗinki, 'yarsa kuma riƙe da babban littafi da agogo tana ce wa wani ƙato ɗan aji huɗu ya makara da minti goma, ya koma ya sake shigowa. Ya daɗe a tsaye. Da zai tafi ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, ashe har kafinta da lantarki kuke koyo?" Na ce, "Ranka ya daɗe, har da lissafin kuɗi da rubutu." Bai janye maganar waƙa ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Amma ranar wasa shi ya aiko da tabarmi a Keke Napep, kuma ya daina maganar ta sauya fanni.

Ranar wasan kanta ba ta zo da sauƙi ba. Zauren da muka kama tun da wuri, har da kafin alƙalami, aka wayi gari an ba masu biki. Muka kwashe kaya zuwa filin wata makarantar firamare. Ana cikin waƙa ta uku janareta ya tsaya, makirufo ya mutu. A nan aka bambance waɗanda ke fitowa horon murya da asuba da waɗanda ke cewa barci ya ɗauke su. Na farko ana jin su har bakin katanga, na biyu kuwa baki kawai ake gani yana motsi. Sun san kansu.

Bayan an tashi aka zauna tattaunawa kamar yadda aka tsara. Wata tsohuwa ta ce wasan ya yi kyau amma mun zalunci mata. Mun nuna su suna zuba shara a kwata, to ina za su kai ta, tunda ba bola kusa kuma ba mai zuwa kwashewa? Sannan ba mu ce komai ba game da masu kuɗin da ke gini a kan hanyar ruwa. Gaskiyarta. Kwana huɗu muka yi a unguwar, amma maza muka fi saurara, don su ke zaune a waje. Aka sake fitowar ƙarshe gaba ɗaya kafin a kai wasan Dass, inda aka yi shi da rana tsaka, ba janareta ba makirufo.

Abin da bai yiwu ba

Azare da Misau suna cikin tsari, kuɗin mota ya hana. Tun cire tallafin mai a 2023 ɗaukar mutum ashirin da kaya zuwa ƙasar Katagum ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma 'yan uwanmu na can suna da gaskiya da suke ƙorafin komai a Bauchi ake yi. Kuɗin wata-wata kuwa, ma'aji zai faɗi sunaye in ya ga dama, ni dai na san waɗanda suka fi surutu a zauren WhatsApp ba su ne suka fi biya ba. An taimaka wa wasu wajen cike neman bashin karatu na NELFUND, amma a sani kuɗin makaranta da na abinci yake ɗauka. Karo-karon da ake yi a aji don katako da fenti da yadin wasan jarrabawa yana nan a wuyan ɗalibi, kuma shi ke sa wasu 'yan aji uku kwana da yunwa. Shawarar buɗe asusu na musamman don wannan tana gaban taro.

Bidiyon wasan ma bai yi kyau ba. Waya ɗaya aka kafa daga nesa, iska ta cinye sautin. Abin kunya ne a ce muna da masu karanta fim a Jos amma ba wanda aka ɗora wa wannan aiki. Laifin kwamiti ne, har da ni.

Muna taya waɗanda suka kammala bana murna, Allah ya sa albarka, ya kai su hidimar ƙasa lafiya. Muna roƙonsu kowa ya bar wa ƙungiya kwafin kundinsa. Muna kuma yi wa waɗanda suka yi rashi a cikin shekara ta'aziyya, Allah ya jiƙan magabata.

Azumin baɗi zai kama wajen tsakiyar Fabrairu in Allah ya kai mu, ke nan zagayen makarantu dole a gama shi a Janairu, masu aikin tashe kuma su shirya kafin ƙarshen Fabrairu. Ana neman mutum biyu daga shiyyar Katagum su shiga kwamitin tsare-tsare. A taron shekara za a yi zaɓen sababbin shugabanni, wanda bai biya kuɗinsa ba ba ya zaɓe kuma ba a zaɓensa. Waɗanda suka tafi da kayan wasa gida, babbar riga biyu, rawani, da tabarma ɗaya daga cikin na Baba na Wunti, su taho da su ranar taro.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya
Bauchi, Disamba 2025