Kafin ka zuba kuɗin susunka a kan girafik kad, ka tuna a Kumasi kake

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya haƙuri da jama'a.

Ni mai karanta jaridarku ne daga Aboabo nan Kumasi, ina da ɗan shagon fotokofi da buga takardu, kuma da yake tun zamanin kafe ɗin intanet nake taɓa kwamfuta, duk wanda tasa ta fara tari a unguwa wurina yake ɗauko ta. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wata asara da ɗan yayata ya tafka, kuma na lura ba shi kaɗai ba ne, samarin zango da yawa suna kan wannan hanyar, toh gara a faɗa a inda mutane za su gani.

Yaron nan pragya, wato keke mai ƙafa uku, yake tuƙawa, yana zuba susu, wato adashe, sama da shekara, burinsa ɗaya ya haɗa kwamfutar gem. Ba irin gem ɗin ƙwallo da ake bugawa a gem santa ba, irin waɗannan na intanet da ake kira MMO, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suke shiga duniya guda, kowa da jaruminsa yana rainonsa wata da watanni, a haɗa ƙungiya a je a kashe dodo a raba ganima. Shi Albion Online da Guild Wars 2 yake bugawa, abokansa wasu World of Warcraft wasu Final Fantasy XIV. Ran da ya kwashi susu bai ce min uffan ba, ya wuce Adum, ya zuba kusan duk kuɗin a kan wani ƙaton girafik kad, wato kad ɗin da ke zana hoto a sikirin, homyus wato na hannu, mai fanka uku da fitilu kala-kala kamar motar amarya, canjin da ya rage ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis da wani pawa sufulai, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, marar suna wanda in ka ɗaga shi kamar gwangwanin madara ba nauyi. Sati uku aka yi ana jin daɗi. Wata ranar Alhamis bayan isha'i aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, sai ƙauri. Pawa sufulai ya tafi, ya ja madabod, allon da ake dasa sauran kayan a kai, ya tafi da shi, kad ɗin ma tun daga ranar sai zane-zane yake fitarwa a sikirin. Da safe ya zo shago ido jajir yana cewa Kawu ka duba min. Me zan duba, gawa ce.

Ban ga laifinsa sosai ba. Duk abin da ya sani a YouTube ya koya, su kuma masu bidiyon nan a Amurka da Ingila suke zaune, wutarsu ba ta ƙyaftawa, ƙurar hunturu ba ta shiga musu ɗaki, sabar gem ɗin, wato babbar kwamfutar da 'yan wasa ke jonawa da ita, tana bayan gidansu. Su in sun ce rabin kuɗinka ka sa a girafik kad gaskiyarsu ce a can. Mu da muka ga dumsor na 2015 da idonmu, lokacin da ake raba wuta kamar ana rabon naman layya, bai kamata mu haɗiye lissafinsu haka nan ba tauna.

Kuma ko a can ɗin ma, gem irin na MMO ba kad ne yake fara gajiya ba, furosesa ne. Ka ɗauka jaruminka ya shiga babban birnin gem ɗin da yamma, mutum ɗari biyu suna kai da kawowa, kowa da rigarsa da dabbarsa da sihirin da yake watsawa, kamar kasuwar Kejetia ana jajibirin sallah. Kad aikinsa fenti ne kawai, ya zana abin da aka miƙo masa. Wanda zai ƙirga wane yana ina, wa ya motsa, wa ya harbi wa, furosesa ne, kuma galibin gem ɗin nan tsofaffi ne, World of Warcraft tun 2004, Guild Wars 2 tun 2012, an gina su ne lokacin da ba a raba aiki wa kawunan furosesa da yawa, sai ka ga kai ɗaya ko biyu ne suke ɗauke da kayan sauran suna hamma. Shi ya sa za ka ga mutum da kad na miliyoyi amma da an shiga yaƙin taro hoton ya fara tsalle-tsalle, ya yi ta zagin intanet alhali intanet ba ruwanta.

Toh da muka zauna sake haɗawa, da ɗan abin da ya sake tarawa da wanda uwarsa ta ranta masa bayan ta gama faɗa, daga furosesa na fara. Ryzen 5 5600 muka ɗauka, kai 6 ne, wat 65 yake ci, ya fito a 2022, yana zuwa da fankarsa a kwali, kuma yana hawa madabod na AM4 wanda ya daɗe a kasuwa, saboda haka kayansa sun yi yawa ko homyus ko sabo. Wanda ya fi son Intel, Core i5-12400F sa'ansa ne, ba wani faɗa a tsakaninsu. Amma a kula, duka biyun ba sa fitar da hoto da kansu sai da kad, na Intel ma harafin F ɗin nan abin da yake nufi kenan. Da kuɗin sun kai da 5700X3D zan ce ya saya, domin irin waɗannan masu X3D suna da wata ma'ajiya a cikinsu da ake kira kash har MB 96, shi 5600 yana da 32. Misalinta kamar teburin ɗan kasuwa ne, in teburin babba ne kayan da ake yawan tambaya suna gabansa ba sai ya riƙa rugawa sito ba, kuma gem ɗin taro ba abin da yake so kamar wannan. Kuɗin ba su kai ba, muka haƙura, ramin madabod ɗin ɗaya ne, duk ran da ya samu sai ya cire wannan ya dasa wancan.

Madabod B550 muka saya marar kwalliya. B450 ya fi araha kuma yana aiki, sai dai tsofaffin cikinsu ba sa gane furosesa na jerin 5000 sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar da ke tada madabod, saboda haka in za ka saya ka ce mai shago ya dasa ya kunna a gabanka kafin ka tura MoMo. Na sha ganin yara sun dawo gida da kaya sabbi fil amma sikirin baƙi ƙirin saboda wannan ɗan abin.

Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai, GB 16, amma sanda biyu na 8 da 8, ba sanda ɗaya na 16 ba, DDR4 mai gudun 3200, kuma a shiga BIOS a kunna XMP in ba haka ba zai riƙa tafiya ƙasa da gudun da ka biya. Ram ya yi tsada daga ƙarshen 2025 saboda kamfanonin AI sun wawushe shi, wannan ma wani dalili ne na tsayawa a DDR4, domin sabon layin AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5. Wurin ajiya kuma SSD na NVMe TB 1, kar wanda ya yaudare ka da tsohon hadis mai juyawa, World of Warcraft kaɗai yana neman GB 128, Final Fantasy XIV 140, ka ga biyu sun cinye na 256 har sun nemi ƙari.

Sai kad ɗin da ake ta rububi a kansa. RX 6600 mai GB 8 muka ɗauka, wat 132 yake ci, kuma a sikirin na 1080p ba gem ɗin MMO da zai ba shi kunya. RTX 3060 mai GB 12 ma lafiya lau, yana cin 170, RTX 4060 kuma 115 kacal in aljihu ya yarda. Wanda nake ja wa samari kunne a kai shi ne RX 580 ɗin nan da ya cika shafukan saye da sayarwa na Jiji da Tonaton da araha. Kad ne na 2017, yana shan wat 185, kuma da yawansu haƙar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Ethereum, suka yi dare da rana shekara da shekaru, sai da Ethereum ta daina haƙa a Satumban 2022 aka kwaso su aka wanke aka watso kasuwa. Akwai ma mai lambar 2048SP wanda a gaskiya ƙarfin RX 570 ne da shi, suna kawai ya ara. Ban ce duk homyus mugu ba ne, ni kaina rabin shagona homyus ne, amma a sa shi ya yi aiki mai nauyi minti ashirin a gabanka, ka ga zafinsa, ka saurari fankarsa. Mai kayan da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Yanzu ga inda muka yi rigima da yaron, har ya yi fushi ya fita ya dawo. Na ce pawa sufulai sai na kamfani sananne, wat 550 zuwa 650, mai tambarin 80 Plus Bronze, sabo a kwali da garanti, sannan UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ya ce Kawu wannan kuɗin ai da an ƙara a kad da an samu wanda ya fi, UPS ba ya ƙara wa hoto kyau. Na ce wancan da ka saya mai fanka uku yana ina yanzu. Shiru. Pawa sufulai shi ne mai gadin gidan, na kirki in wuta ta yi hauka yana kashe kansa ya tsare sauran, na banza kuwa buɗe ƙofa yake ya ce bismillah. Kuma lambar da aka rubuta a jikin marasa sunan nan ƙarya ce tsagwaronta, ka ga an rubuta 700 amma ko rabi ba ya bayarwa.

UPS ma akwai tarko a ciki. Wanda aka fi sayarwa 650VA ne, mutane suna ɗauka wat 650 ne, alhali bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, in kwamfutarka mai cin wuta ce, gem ya ɗau zafi aka ɗauke wuta sai ya yi ƙara ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Nemi 1000VA zuwa sama, mai gyara hawa da saukar wuta a cikinsa, ka jona kwamfuta da monita da rawuta. Mintoci kaɗan zai ba ka, ba na ci gaba da wasa ba ne, na ka yi wa 'yan ƙungiyarka sallama ka kashe cikin mutunci ne. Wanda bai taɓa bugawa ba ba zai gane ba, amma mutum 24 sun taru awa guda suna fama da dodo, kai ne mai ba su magani, ka ɓace ɗif, gobe ba wanda zai sake gayyatar ɗan Gana. A Albion kuwa in ka katse a yankin da ake kwasar kayan wanda ya faɗi, ka dawo ka tarar an yi maka tsirara.

Maganar intanet ba a sayenta a Adum amma dole ta shiga lissafi. Sabobin da suka fi kusa da mu a Turai suke, na Final Fantasy XIV da Guild Wars 2 a Jamus, Albion ta buɗe tata ta Turai a 2024, saboda haka ka zaɓi Turai kar ka bi aboki zuwa sabar Amurka. Ko da faiba ping ɗinmu, wato jinkirin saƙo tsakaninmu da saba, yana haura milisakan 100, wannan nisa ne ba kad ɗin da zai rage shi, abin da za ka iya kawai ka ja kebul daga rawuta zuwa kwamfuta ka rabu da wayfai, ballantana hotspot ɗin waya da ke yankewa duk lokacin da aka kira ka. Wasan kansa ba ya shan data sosai, sabuntawa ce take kwashe bandil, sai a bari sai tsakar dare. Wanda yake nan a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ya san akwai ranar da ko me ka haɗa sai dai ka fito ka sha iska a bakin titi.

Monita inci 24 na 1080p ya isa, kar a je ana neman 4K da kad na tsakiya. Kes kuma, wato akwatin kwamfutar, mai raga a gaba da matatar ƙura, ba mai gilashi ta ko'ina ba, a ɗora shi kan tebur ba a ƙasa ba, daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙa buɗewa ana hurawa da bulowa, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa. Masu sha'awar tsohuwar kwamfutar ofis su sani da yawansu pawa sufulai ɗinsu da madabod na musamman ne ba sa karɓar na kasuwa, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ya hawa Intel da bai kai ƙarni na 8 ba.

Malam Edita roƙona gare ku ku ware ko rabin shafi ne wa irin wannan magana da Hausa, a samu masu gyara na Kumasi da Nima da Tamale su riƙa bayani da yanayin wutarmu da kasuwarmu, domin kuɗin da yaran nan suke ƙonawa na gumi ne. Iyaye ma su ji, ni dai na fi son in san yana ɗaki yana faɗa da dodo da in rasa inda yake ƙarfe ɗayan dare, in dai ya tashi asuba ya fita aiki.

Kwamfutar tana aiki wata na huɗu kenan, an ɗauke wuta ba adadi, UPS ya yi kukansa ya riƙe. Rigimar da ta rage ta mita ce, uwarsa ta ce tun da aka kawo na'urar nan firifed ba ya kai ƙarshen wata. Na zauna na yi mata lissafi, duka da monita ba ta kai wat 300 ba, awa 4 a rana yunit 1.2 kenan, a wata 36. Ta dube ni ta ce wa ya gaya maka awa huɗu yake yi.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi