Wasiƙa daga Tredegar zuwa Kakuri

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya iyali, ya kuma jikin Hajiya? Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ja kwananta. Mu nan lafiya lau muke, sai dai sanyi da ruwan sama da ba ya son ɗaukewa.

Na saurari muryar da ka turo kan asusun lafiya da kuke son kafawa a ƙungiyarku ta kanikawa da masu walda. Ka ce wasu dattawanku sun kafe a kan cewa maganar asibiti ta gwamnati ce, talaka bai isa ya ɗauki wannan kaya ba. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka. Garin nan da nake haya a cikinsa, ma'aikatansa sun taɓa yin irin abin da kuke shawara, kuma ina so ka ji yadda ta kaya da su tun daga tushe kafin ku zauna taronku na gaba.

Tredegar ƙaramin gari ne a kudancin Wales a Birtaniya, a saman kwarin Sirhowy, mutanensa yanzu kimanin 15,000. Ƙarfe ne ya haife shi. A 1800 wani ɗan kasuwa mai suna Samuel Homfray da abokan jarinsa suka kafa ma'aikatar narka ƙarfe a nan, saboda akwai tama da kwal a ƙarƙashin duwatsun, sai jama'a suka yi ta kwararowa neman aiki, aka yi ta jera ƙananan gidaje a manne da juna. Hatta agogon da ke tsakiyar gari, wanda aka kafa a 1858, zubin ƙarfe ne mai tsawon ƙafa 72. Daga baya harkar ƙarfen ta ja baya, haƙar kwal ta zama abin dogaron kusan kowane gida.

In kana son sanin yadda lafiyar mutanen take a wancan zamanin, sai ka hau tudun Cefn Golau. Akwai wata maƙabarta a can, ita kaɗai a fili, nesa da gari. Waɗanda kwalara ta kashe ne a annobar 1832 da 1849 da 1866. Tsoron cutar ya sa aka ƙi binne su tare da sauran jama'a. Na tsaya na karanta abin da ya rage a jikin duwatsun kabarin, yawancinsu na 1849 ne, kuma da yawa mutane ne masu jini a jika. Wannan ga annoba ke nan. Haɗarin aiki kuwa na kullum ne: rufin rami ya rufta wa mutum, taragon kwal ya take ƙafa, iskar gas ta kama da wuta. Wanda ya ji rauni, abokan aikinsa ne ke ɗauko shi su kai shi gida, a nan likita zai same shi, in ta kama a yanke ƙafa a yanke a kan teburin cin abinci, matarsa da 'ya'yansa na ji.

Likita dai akwai shi, kuma ana yankar kuɗinsa daga albashin ma'aikata, amma kamfani ne ke da ta cewa a kansa. Ka riƙe wannan, don a nan duk maganar take. A 1890 ƙananan ƙungiyoyin taimakon juna na garin suka haɗe suka zama guda, wadda aka fi sani da Tredegar Medical Aid Society, kuma sannu a hankali ma'aikata suka karɓi ragamarta. Kowa ana cire masa 'yan kwabbai a kowace fam ta albashinsa tun a ofishin biya. Su suke zaɓen kwamiti, kwamiti ke ɗaukar likita, kwamiti ke biyansa, kuma wanda likita ya wulaƙanta yana da inda zai kai ƙara a saurare shi. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ba ta taɓa son wannan tsari ba, don a ganinta bai dace mai haƙar kwal ya zama shi ke ɗaukar likita aiki ba. Ni da nake aikin jinya na fahimci abin da ke damunsu, amma ina tare da masu haƙar kwal.

Maganar asibiti ta taso ne a 1901, lokacin da aka kira taron gari. Mai ƙasar, Lord Tredegar, ya ba da fili kusa da lambun Bedwellty. Kamfanin ƙarfe da kwal na garin ya ba da kuɗi, wasu masu hali ma suka bayar. Amma ka san gini daban, riƙe shi daban. Wa zai sayi magani da bandeji, ya biya nas, ya ciyar da majinyaci, shekara da shekaru? Masu haƙar kwal suka ce a ƙara yankar rabin kwabo a albashinsu duk mako, wato ɗari a lissafin kuɗin kakanninmu. Da wannan aka buɗe asibitin a 1904. Ƙarami ne, an fara shi ne don masu raunin aiki, daga baya aka yi ta faɗaɗa shi har aka samu ɗakin mata da na yara. Yana da kwamitinsa na kansa, ma'aikata na da kujeru a ciki.

Mutumin da na fi so ka sani a labarin nan shi ne Walter Conway. Maraya ne, ya tashi a gidan da hukuma ke ajiye marasa galihu, ya yi haƙar kwal, ya koyar da kansa karatu mai zurfi. A 1915 aka naɗa shi sakataren ƙungiyar, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1933. A hannunsa abin ya bunƙasa. Aka buɗe ƙofa ga waɗanda ba ma'aikatan kamfani ba, malaman makaranta da masu kantuna da ma'aikatan jirgin ƙasa, su biya nasu kai tsaye. Kafin ya rasu, ƙungiyar na da likitoci 5, likitocin haƙori 2, masu haɗa magani da nas, kuma kashi 95 cikin 100 na mutanen garin suna ƙarƙashinta. Ana ba da tabarau, haƙoran roba, ƙafar roba. Ciwon da ya fi ƙarfin asibitin gari, a tura mutum babban asibiti a wani birni, a biya masa kuɗin jirgi. Zuwa tsakiyar shekarun 1940 tana kula da mutum 22,800 cikin 24,000 na garin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin wahala. Bayan babban yajin aikin 1926 da karayar tattalin arzikin da ta biyo baya, maza da yawa a kwarin nan sun yi shekaru ba aiki. Ƙungiyar ba ta soke sunan wanda ya kasa biya ba, ta ci gaba da duba shi da iyalinsa. Malam Habu, duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna iyayenmu. Katin asibitin masaƙar da suka yi wa aiki, ranar da aka kulle ƙofar masaƙar ya zama takardar banza. Ka san yadda muka yi da jinyar Baba, Allah Ya jiƙansa, har keken ɗinkin Inna sai da aka sayar. Shekarun da ya yi yana shaƙar ƙurar auduga ba su ba shi haƙƙin ko ƙwayar magani ɗaya ba, don asibitin na kamfani ne, alfarma ce ake yi masa muddin yana aiki. Na Tredegar kuwa nasu ne, littafin kuɗin yana hannunsu, shi ya sa da aiki ya tsaya suka iya zama su yanke cewa ba za a bar kowa a baya ba.

A cikin samarin da suka tashi a gaban Conway akwai Aneurin Bevan. An haife shi a garin nan a 1897, ya bar makaranta yana ɗan shekara 13 ya shiga ramin kwal na Ty Trist. Mahaifinsa ya rasu a 1925 da ciwon huhun da ƙurar kwal ke jawowa, kuma ba a biya diyya ba, don a lokacin doka ba ta lissafa ciwon cikin cututtukan aiki ba. A 1928 Bevan ya shiga kwamitin asibitin, ya shugabance shi daga 1929 zuwa 1930, a 1929 ɗin kuma aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Ebbw Vale. Da jam'iyyar Labour ta ci zaɓen 1945 sai aka ba shi ministan lafiya. Ya sha fama da manyan likitoci, har sai da ya yarje musu su ci gaba da ganin majinyatansu masu biya a gefe, amma dokar ta wuce a 1946, kuma ranar 5 ga Yuli 1948 tsarin lafiya na ƙasa, NHS, ya fara aiki: kowa a duba shi ba tare da an tambaye shi kuɗi a bakin ƙofa ba, a biya daga haraji. Masana tarihi za su ce maka tsarin yana da tushe fiye da ɗaya, kuma gaskiyarsu ne. Amma ministan da ya tsaya kai da fata a kansa ya riga ya ga abin yana aiki a garinsu, ya zauna a taron da ake lissafin kuɗin gado da na magani. Albashin da nake ci yau daga wannan tsarin yake fitowa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba. A 1948 gwamnati ta karɓi asibitin kamar yadda ta karɓi sauran, ikon kwamitin gari ya tafi. Ƙungiyar ta ci gaba da ɗan taimaka wa mambobinta, tana raguwa, har aka rufe ta a tsakiyar shekarun 1990. Ramukan kwal duk sun mutu. Ma'aikatar ƙarfe ta Ebbw Vale, garin da ke maƙwabtaka da mu, an rufe ta a 2002, shekarar da aka rufe masaƙa ta farko da aka kafa a Kakuri. A 2010 aka rufe asibitin Tredegar ɗin kansa, aka mayar da majinyata sabon asibitin da aka gina a Ebbw Vale aka sa masa sunan Bevan. Tsofaffin garin da nake jinya har yanzu suna maganar da ciwo a ransu. Sabon ya fi kyau, kowane majinyaci da ɗakinsa, amma su ba wannan suke auna ba: iyayensu ne suka biya wancan daga guminsu, kuma da aka zo rufe shi shawarar ba a hannunsu take ba. Ginin ya yi shekaru a kulle yana lalacewa, sai a 2024 aka buɗe cibiyar lafiya a wurin, aka bar wani sashe na tsohon ginin a ciki.

A ganina canjin 1948 ya zama alheri, domin da asibitin ya ci gaba da dogara da albashin kwal kaɗai, da ya bi kwal ɗin. Haraji na ƙasa baki ɗaya ne ya sa jikokin masu haƙar kwal ke samun likita yau bayan aikin ya ƙare. Saboda haka dattawanku ba su yi ƙarya ba da suka ce nauyin gwamnati ne. Inda na saɓa da su shi ne zaman jira. Mutanen nan sun yi shekara 58 suna riƙe da abinsu kafin gwamnati ta zo, kuma da ta zo a kan hanyar da suka share ta bi.

Yanzu ga naku. Abin da ya sauƙaƙa wa Tredegar shi ne kusan kowa a ofishi ɗaya yake karɓar albashi, ana cire kuɗin kafin ya shiga aljihu. Ku ba ku da wannan. Bakanike yau ya samu, gobe ya wuni ba mota ko ɗaya. Don haka ku sa kuɗin ya zama kaɗan ƙwarai, a riƙa bi rumfa-rumfa ana karɓa duk mako kamar yadda mai adashi ke yi, a rubuta a katin mutum a gaban idonsa. Kada ku fara da mafarkin gini. Su ma sai da suka yi shekara 14 da asusu kafin asibiti. Ku nemi asibiti ɗaya na kusa ku yi yarjejeniya a rubuce kan abin da asusun zai biya: ƙuna, karaya, tartsatsin walda a ido, haihuwar matan mambobi, zazzaɓin yara. Ku je ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ku ji ko za ku iya shiga a ƙungiyance, in da hali ya fi ku ɗauki komai ku kaɗai. Kuma ina roƙonka, kada ku miƙa asusun ga wani mai kuɗi ko ɗan siyasa don ya yi alkawarin zuba muku miliyan. In ya bayar ku karɓa ku gode, kamar yadda suka karɓi filin Lord Tredegar, amma sa hannun banki ya zama na mutanen da kuka zaɓa, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a. Tun ranar farko ku rubuta abin da za a yi da wanda ya biya shekaru sannan ciwo ko rashin aiki ya hana shi biya, don a kan wannan ne za a fara rigima.

Sakataren da za ku zaɓa ya fi komai muhimmanci. Na san za ka ce aiki ya yi maka yawa, amma ni kai nake gani, kuma in suka miƙo maka kada ka ƙi.

Tsohon ofishin ƙungiyar, gida mai lamba 10 a dandalin agogo, yanzu an mai da shi wurin adana tarihinta. In na samu hutu zan shiga in ɗauko maka hotunan abin da suka ajiye, ka nuna wa dattawan a waya. Kai kuma ka turo min daftarin dokokinku in duba sashen jinya kafin ku kai gaban taro, tare da adadin mambobin da kuke sa ran za su fara.

Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce ta riƙa shan maganin hawan jinin kullum ko da ta ji garau. Ka gai da uwargida da yara, da duk 'yan majalisarmu ta bakin masallaci. Maman Ummi na gaishe ku.

Wassalam.

Naka,
Kabiru