Godiya ga malaman cibiyar karatun yamma ta unguwarmu a Rigasa

Assalamu alaikum. Ni direban Keke Napep ne a nan Rigasa. Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga cibiyar da ke tara 'ya'yan talakawa bayan an tashi daga makaranta, don yabon gwani ya zama dole.

Tun da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri ban sake riƙe albashi ba. Da asuba nake fita, sai dare nake komawa gida. Babban ɗana kuwa ƙarfe biyu ake tashinsu, Islamiyya sai bayan Magariba. Wannan tsakanin ne ya hana ni barci. Ya fara zama a gidan gem, daga nan aka ce an gan shi da wasu samari da kowa a layinmu ya san sholisho suke sha. Wanda ya san yadda sara-suka ke ɗiban yara a garin nan ya san abin da nake tsoro.

Na zaga wuraren lesin har uku. Ko'ina kafin a tambayi sunan yaro an miƙo maka takardar kuɗi: kuɗin fom, kuɗin rajista, kuɗin riga. A wani wurin ko amsa sallamata ba a yi ba, an dubi takalmina an ce in dawo gobe.

Shi ya sa da na shiga cibiyar nan na shiga a ɗarare. Malamar da na tarar ta miƙe ta ba ni kujera, ta ce, "Baba, zauna ka huta tukuna." Sai ta juya ga yaron tana tambayarsa abin da yake so ya zama. Ina ta jira a ambaci kuɗi, shiru. Da na tambaya, ta ce littafin rubutu da biro kawai zai zo da su.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da ya yi fashin kwana uku ban sani ba. Baiwar Allahn nan da ƙafarta ta zo har ƙofar gidanmu, cikin ruwan Agusta, ga taɓon lungunmu. Ba ta yi masa faɗa a gaban ƙannensa ba, gefe ta ja shi. Har yau bai gaya mini abin da ta ce masa ba, amma bai sake fashi ba.

Ana yi musu lissafi da Turanci, Asabar kuma ƙwallo. Ni kwamfutar ce ta fi burge ni. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarabawar JAMB, to ɗan da bai taɓa dafa ta ba fa? A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 da suka faɗi gwaji, aka ce an yi gyara, amma har yanzu sai ka ga aji cunkushe, yaro ya gama firamare bai iya karanta wasiƙa ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya naku 'ya'yan. Wasiƙar nan ma yaron ne ya buga ta, ina faɗa yana dannawa, kuma ya roƙe ni in cire maganar gidan gem, na ƙi.